Yadda ake gina kaset a kan sabon kundin tsohon mawaƙi: misalin Robert Plant

Ranar 26 ga Satumba, 2025, kamfanin Nonesuch ya fitar da sabon kundin waƙoƙin Robert Plant mai suna Saving Grace. Plant yana da shekara 77 a lokacin. Ga wanda bai san shi ba, shi ne mawaƙin Led Zeppelin, ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila wadda aka kafa a 1968, ta riƙa cika filayen wasa a Turai da Amurka, sannan ta watse a 1980 bayan rasuwar makaɗin gangarta, John Bonham. Shekara 45 ke nan da watsewar lokacin da kundin ya fito, amma har gobe duk abin da Plant ya rera, da waccan muryar tasa ta ƙuruciya ake auna shi. Haka abin yake ga kowane tsohon mawaƙi da ya yi suna. Sabon aikinsa zai fito, a saurara sau ɗaya don girmamawa, a ce tsohon yana nan da sauran ƙarfinsa, daga nan kowa ya koma wa waƙoƙin da ya saba ji.

Akwai wata hanyar sauraro da ke ceton irin wannan kundi daga wannan makoma, ita ce a gina masa kaset. Turawa suna kiran abin mixtape: mutum ya zaɓo waƙoƙi daga wurare daban-daban, ya jera su da hannunsa bisa wani tsari da ya yi niyya, ya naɗe su wuri guda don kansa ko don wani. 'Yan kiɗan gambarar zamani na Amurka sun ari sunan suka laƙaba wa wani abu daban, wato sababbin waƙoƙin da mawaƙi ke saki ba ta hannun kamfani ba. Ba wannan nake nufi ba. Ina magana ne a kan aikin mai sauraro, wanda bai iya kiɗa ko waƙa ba, amma yana da kunne kuma yana da abin da yake son faɗa.

Sai an fahimci kaset ɗin kansa kafin a fahimci sana'ar. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963, a ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens. Wanda aka fi amfani da shi wajen irin wannan aiki shi ne mai ɗaukar minti 90, kowane ɓari minti 45. Wanda ya taɓa riƙe rakoda ya san sauran. A farkon zaren akwai wani ɗan yanki fari fat da ba ya ɗaukar sauti, sai ka sa biro a ramin ka murza har baƙin zaren ya iso, in ba haka ba kan waƙar farko ya guntule. Kana naɗa kana kallon allurar da ke auna ƙarfin sauti, don in ta shige cikin ja ta zauna, muryar za ta fashe. In ka gama sai ka ɓalle ƙananan haƙoran da ke saman kaset ɗin don kada wani ya goge maka aiki. Duk wannan ɗawainiya ta koya wa mutane abu guda: wuri kaɗan ne, kuma ba a tsallake waƙa cikin sauƙi. Wanda ka ba kaset ɗin zai ji ta ɗaya, ya ji ta biyu, ya ji ta uku, kamar yadda ka jera. Saboda haka jerin ya zama magana. Waƙar da ka sa bayan wata tana faɗin wani abu game da wadda ta gabace ta. Ko a Spotify ko a YouTube mutum zai yi jerinsa a yau, shawarata ita ce ya ɗaure kansa da wannan iyaka ta minti 90 da ɓari biyu. Jerin waƙa 200 ba zaɓi ba ne, rumbu ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗebo manyan waƙoƙin tsohon, a yayyafa sababbi biyu ko uku a tsakani. A wurin Plant, wannan na nufin Stairway to Heaven da Whole Lotta Love da Kashmir. Da zarar waɗannan sun shiga, sababbin sun mutu. Ba don sun fi su kyau ta kowace fuska ba, sai don kunne ya shafe shekara hamsin yana jin su, ga kuma ƙarar jita da ganga da babu abin da zai tsaya kusa da ita. Sabuwar waƙa mai taushi in ta biyo bayan irin wannan, sai a ji ta kamar hutu kafin a koma ga ainihin abin. Plant da kansa ya ƙi bin wannan hanya a rayuwarsa. Ranar 10 ga Disamba, 2007, sauran 'yan Led Zeppelin uku suka haɗu a zauren O2 na Landan, ɗan marigayi Bonham, Jason, yana kan ganga. An samu buƙatar tikiti miliyan 20 ga zauren da ke ɗaukar kimanin mutum 20,000. Kowa ya zaci zagayen duniya zai biyo baya. Plant ya ƙi, ya tafi yawon wasa da Alison Krauss, mawaƙiyar karkarar Amurka wadda suka yi kundin Raising Sand tare. A Fabrairun 2009 kundin ya lashe kyautar Grammy biyar, har da ta gwarzon kundin shekara. Mutumin da ya juya wa wancan tulin kuɗi baya don ya rera tsofaffin waƙoƙi cikin sanyin murya, bai kamata mai haɗa masa kaset ya sake tura shi cikin kejin da ya fita ba.

To daga ina za a fara? Daga cikin sabon kundin kansa, a tambaye shi inda ya fito. A nan Saving Grace ya sauƙaƙa aiki, domin waƙoƙi goman da ke cikinsa babu ko ɗaya da Plant ya ƙirƙira daga tushe. Wasu na gargajiya ne, wasu na mawaƙan buluz, tsohon salon kiɗan baƙaƙen fatan kudancin Amurka, da suka daɗe da rasuwa, wasu na ƙananan ƙungiyoyin Amurka da ba kowa ya san su ba. An naɗe su a hankali tsakanin 2019 da farkon 2025, a yankin Cotswolds da kan iyakar Wales, tare da wasu makaɗa biyar da ba taurari ba: Suzi Dian mai waƙa da akodiyon, Oli Jefferson mai ganga, Tony Kelsey mai jita, Matt Worley mai banjo, da Barney Morse-Brown mai babban gogen nan na Turawa da ake jingina shi a ƙasa. Wato kundin da kansa zaɓi ne, irin wanda dattijo ke yi in ya zauna yana tuna waɗanda ya sha daga gare su. Aikin mai kaset shi ne ya kawo waɗancan mutanen su tsaya kusa da shi. Kamar yadda malamin hadisi ba ya wadatuwa da matani sai ya karanto isnadi, wane daga wane daga wane, haka kaset nagari ke jero waɗanda waƙa ta bi ta hannunsu kafin ta iso.

Waƙar da ta buɗe kundin, Chevrolet, ta isa misali. Tushenta wata waƙa ce mai suna Can I Do It for You, wadda Memphis Minnie da mijinta Kansas Joe McCoy suka naɗa a 1930. Zance ne tsakanin namiji da mace. Shi yana lissafo abin da zai saya mata, ita kuma tana mayar masa cewa ba ta buƙatar komai nasa. A 1959 mai tattara waƙoƙin gargajiya Alan Lomax ya je arewacin jihar Misisipi ya naɗi 'yan'uwa biyu, Ed da Lonnie Young, masu busa sarewar kara da ganguna, suna rera ta da sunan motar nan Chevrolet. A 1965 mawaƙin Birtaniya Donovan ya mayar da ita Hey Gyp. Shekara 60 bayan haka ta fito a bakin Plant da Dian.

Ni da zan jera, da ta 1930 zan buɗe ɓarin farko, duk da ƙarar faifan garmaho da ke cikinta. Dalili shi ne kunnen da bai ji komai ba tukuna ba ya ƙorafi a kan tsohon sauti. In ka fara da sauti mai tsabta na zamani sannan ka koma 1930, mai sauraro zai ji kamar rakodar ta lalace. In ka fara da tsohon, sai sabon ya zo masa kamar an buɗe taga. Bayan Minnie sai 'yan'uwan Young da sarewarsu, sannan ta Plant. Ta Donovan zan bar ta waje. Sau uku a jere ya isa a gane waƙa ɗaya ce ke tafiya, na huɗu gajiyarwa ne. Abin da mai sauraro zai lura da shi, ba tare da an gaya masa ba, shi ne yadda kiɗan ke canja kaya a kowane zango, amma tayin da namijin ke yi yana nan yadda yake.

A nan ne kuma ƙofa ke buɗewa ga Led Zeppelin ta shigo da hujja, ba da ƙarfin suna ba. Minnie da McCoy ɗin nan su ne suka naɗi When the Levee Breaks a 1929, a kan ambaliyar kogin Misisipi ta 1927 da ta raba ɗaruruwan dubban mutane da gidajensu, yawancin waɗanda suka fi jin jiki baƙaƙen fata ne manoma. McCoy ne ke waƙar, Minnie na jan jita da wani irin sauri mai daɗin ji. A 1971 Led Zeppelin ta rufe kundinta na huɗu da wannan waƙa. An ajiye gangunan Bonham a ƙasan matakalar wani tsohon gida mai suna Headley Grange, injiniya Andy Johns ya rataya makirfo biyu daga sama, sai kowane bugu ya riƙa dawowa da amsa-kuwwar ginin gaba ɗaya. Bugun farko kaɗai ya isa ka ji shi a ƙirjinka. Waƙar minti 3 ta koma minti 7, gaggawar mai gudun ruwa ta koma nauyin ruwan da kansa. In aka sa su a jere, ta 1929 sannan ta 1971, ba a buƙatar wani dogon sharhi a kan abin da samarin Ingila suka ɗauka daga kudancin Amurka da abin da suka ƙara. Kuma sabuwar Chevrolet da aka ji mintoci kaɗan kafin nan ta tashi daga matsayin waƙar tsoho mai hutawa, ta zama komawar mutum ga matar da ya ara daga wurinta yana ɗan shekara 22.

Maganar aro ba ƙarama ba ce, kuma kaset na gaskiya ba ya ɓoye ta. A kan When the Levee Breaks an rubuta sunan Memphis Minnie tare da na 'yan ƙungiyar huɗu. Ba kowa ya samu wannan adalci ba. Marubucin waƙoƙin buluz Willie Dixon sai da ya kai su kotu a 1985 a kan Whole Lotta Love, saboda kamanninta da You Need Love da ya rubuta wa Muddy Waters, aka sasanta a wajen kotu a 1987. Ita kanta Minnie ta rasu a 1973 bayan doguwar jinyar shanyewar jiki, kabarinta a garin Walls na Misisipi ya zauna babu alama har 1996, lokacin da mawaƙiya Bonnie Raitt ta biya kuɗin dutsen da aka kafa.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Blind Willie Johnson, makaho mai wa'azin Kirista a titunan Texas, wanda ya naɗi waƙa 30 kacal tsakanin 1927 da 1930. Gidansa a Beaumont ya ƙone a 1945, ya ci gaba da kwana a kangon, ya rasu a shekarar. A 1977 aka sa ɗaya daga cikin waƙoƙinsa a faifan zinaren da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin samaniya. Led Zeppelin ta sha daga rijiyarsa sau biyu. In My Time of Dying ta 1975 tsohuwar waƙar coci ce da Johnson ya naɗa tun 1927, aka rubuta sunayen 'yan ƙungiyar a kanta. Nobody's Fault but Mine ta 1976 ita ma daga tasa ta 1927 ta fito, aka rubuta sunan Jimmy Page, mai jitar ƙungiyar, da na Plant. Yanzu ga Soul of a Man, waƙar Johnson ta 1930, a cikin Saving Grace, a fili a matsayin tasa. Ba zan ce wannan ya biya bashi ba, domin wanda ake bi bashin da wanda ke bi ba su haɗu a duniya ba. Amma mai kaset yana iya sa asalin Johnson a gaba, sabuwar a baya, ya bar mai sauraro ya ji muryar nan mai kaushi kamar ana jan ƙarfe a kan dutse, yana tambayar mene ne ran ɗan Adam. Mai karatu ya sani cewa wannan da Gospel Plough, ita ma a cikin sabon kundin, waƙoƙin addinin Kirista ne na baƙaƙen fatan Amurka, kuma da wannan sanin ya kamata a saurare su. Ita kuwa In My Time of Dying, minti 11 take ci, kusan rubu'in ɓari guda. Komai ƙaunarka da ita, ba ta da wuri a nan.

Isnadi kaɗai ba ya yin kaset. In aka tsaya a tsohuwa, sabuwa, tsohuwa, sabuwa har ƙarshe, abin ya zama darasin aji, kuma ba wanda ke son a sa masa darasi a mota. Ana buƙatar zare ɗaya da kunne zai bi ko da mutum bai san tarihin komai ba. Inda gizo ke saƙar ke nan, kuma ba a samun zaren sai an saurari sabon kundin sau da yawa ana tambayar me ke maimaita kansa. A Saving Grace amsar tana kan bangon kundin ma, inda aka rubuta sunan Suzi Dian tare da na Plant. Muryoyi biyu ne, ta namiji da ta mace, wani lokaci suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci Plant ya ja baya ya bar wa wani gaba. Da ka riƙe wannan zare sai ka ga ya ratsa duk abin da aka riga aka zaɓa. Minnie da McCoy miji da mata ne masu amsa wa juna. A asalin Soul of a Man akwai siririyar muryar mace da ke bin Johnson tana amshi, ta Willie B. Harris. A duk kundayen da Led Zeppelin ta naɗa a situdiyo, sau ɗaya tak aka gayyaci wata murya daga waje, ita ce Sandy Denny a The Battle of Evermore ta 1971, waƙar da babu gangar Bonham a cikinta, sai mandolin da jita. Denny ta fito ne daga ƙungiyar Fairport Convention, ta rasu a 1978 tana da shekara 31, kuma a farkon 2019, lokacin da ba wanda ya san sunan Saving Grace, wato sabuwar ƙungiyar Plant da kundin ya ci sunanta, wasannin share fage suka riƙa yi wa Fairport Convention ɗin a ƙananan zaure. Wannan waƙa ce ya dace ta buɗe ɓari na biyu. Daga ita sai ɗaya daga cikin na Plant da Krauss, sannan a dawo wa Dian. Mai sauraro zai gane cewa abin da ake ɗauka sabon hali ne na tsufa, tun mutumin yana saurayi yake nemansa.

Zaren ya fi ƙarfi a kan ƙungiyar Low ta garin Duluth a jihar Minnesota. Alan Sparhawk da matarsa Mimi Parker suka kafa ta a 1993, shi yana jita, ita tana tsaye a kan 'yan ganguna kaɗan, suna waƙa a hankali ƙwarai a zamanin da kowa ke ihu. Kundinsu na 2005, The Great Destroyer, ya shiga ran Plant. Ya ɗauko Silver Rider da Monkey daga ciki ya sa a kundinsa Band of Joy na 2010, Patty Griffin tana rera ɓangaren macen. Parker ta rasu a Nuwamban 2022 sakamakon cutar daji. Da aka tashi sanar da Saving Grace, waƙar da aka fara saki ita ce Everybody's Song, daga wancan kundin dai na 2005. A nan zan karya dokar da na bi a baya. Maimakon in sa asalin Everybody's Song kusa da sabuwar, sai in sa Silver Rider ta Low ɗin kansu, inda muryar Parker ke fitowa sarai, sannan sabuwar ta biyo. Kwatanta waƙa da kwafinta an riga an yi shi sau uku a ɓarin farko. Abin da ake so a nan shi ne a ji matar, sannan a ji wurin da ta bari.

Nawa za a ɗauka daga sabon kundin? A ganina huɗu zuwa biyar cikin goma. In ya gaza haka, ya zama baƙo a gidansa. In ya wuce, gara ka miƙa wa mutum kundin kawai. Manufar kaset ɗin ai ita ce in ya ƙare mutum ya tashi ya nemi sauran da kansa. I Never Will Marry ta cancanci shiga, tare da ta iyalan Carter, mawaƙan karkarar Amurka, ta 1933, domin mace ce ke cewa ba za ta yi aure ba, kuma hakan na amsa wa Minnie da ke ƙin kayan saurayi a can farko. It's a Beautiful Day Today ta ƙungiyar Moby Grape ta birnin San Francisco kyakkyawa ce, kuma Plant ya daɗe yana ƙaunar ƙungiyar, amma za ta ja kaset ɗin zuwa wata unguwa daban. A bar ta. Ita ma Gospel Plough tana da jaraba, tunda Bob Dylan ya rera ta a kundinsa na farko a 1962, amma da an sa Dylan hankali ya koma kansa.

Akwai wata jarabar da ta fi kusa da mu, ita ce ta Sahara. Alaƙar Plant da wannan yanki gaskiya ce, ba ƙirƙira ba. A 1994 shi da Jimmy Page sun zauna a Marakesh suka yi kiɗa da 'yan Gnawa, jikokin mutanen da aka kai Maroko daga kudancin Sahara, waɗanda har yau suke ambaton Bambara da Fulani da Hausawa a waƙoƙinsu. A Janairun 2003 ya hau dandamali a bikin hamada na Essakane kusa da Tumbutu, inda mawaƙin Mali Ali Farka Touré da ƙungiyar Buzaye ta Tinariwen su ma suka yi wasa. Mai jitarsa na shekaru, Justin Adams, shi ne ya shirya wa Tinariwen kundinsu Aman Iman na 2007, kuma su Tinariwen ta hanyar kaset da ake kwafa hannu da hannu waƙoƙinsu suka fara yaɗuwa a tsakanin Buzaye. A kundin Plant na 2014 akwai Juldeh Camara, Bafulatani ɗan Gambiya, da gogensa mai tsirkiya ɗaya. Shi kansa banjon da Worley ke kaɗawa ɗan dangin molo da gurmi ne, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka ƙera shi a can ƙetare. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai so ya cusa Ali Farka a tsakiya, kuma na fahimci dalili. Sai dai wannan wani zaren ne mai zaman kansa, kuma ya isa a yi masa kaset cikakke a kan kundin 2014. In aka matse shi cikin minti biyar a nan, ya zama ado kawai, an rage wa Ali Farka daraja, an kuma tsinke zaren muryoyi biyu. Kaset ɗaya, magana ɗaya.

Sauran aikin na hannu ne. Sautin 1930 da na 2025 ba ƙarfinsu ɗaya ba. Faifan da ba shi da kauri a ƙasa, na zamani kuwa an matse shi ya cika ko'ina. A rakoda sai ka ɗaga tsohon kaɗan, ka sauke sabon, kana gwadawa da kunne ba da allura kaɗai ba, har mutum ba zai miƙa hannu ya taɓa maɓallin ƙara tsakanin waƙa da waƙa ba. A Spotify akwai saitin daidaita ƙarfin sauti, a kunna shi. Tazarar da ke tsakani ita ma zaɓi ce: daƙiƙa biyu tsakanin waƙoƙin da ke amsa wa juna, biyar ko shida bayan mai nauyi irin ta ambaliya, don kunne ya sauke numfashi. Ƙarshen ɓarin farko ya kamata ya bar mutum da ƙishirwa, tunda a nan ne zai yanke shawarar ko ya juya kaset ɗin ko ya kashe. Ƙarshen ɓari na biyu kuwa sabuwar waƙa ce ya kamata ta rufe, domin don sabon kundin aka yi aikin, kuma muryar yau ce ya dace ta zauna a kunne. A manhajojin waya a tabbata an kashe maɓallin da ke gauraya jeri. In yana kunne, duk wannan tsari ya koma haɗin gambiza.

Batun haƙƙi tsoho ne. A 1981 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Birtaniya ta yi gangami tana cewa naɗar kaset a gida na kashe kiɗa, har da zanen kaset mai siffar ƙoƙon kai. Kiɗan bai mutu ba, amma kukan nasu yana da ƙanshin gaskiya, kuma mawaƙanmu da ke kallon ana tura wa mutane aikinsu a memori ba tare da kwabo ya shiga aljihunsu ba sun san ciwon. Yau mafita ta yi sauƙi: a yi jerin a manhajar da ke biyan masu haƙƙi, a aika wa aboki mahaɗin, maimakon a kwafe waƙoƙin a raba.

Sai takardar da ke cikin kwalin kaset, ko wurin bayani a manhaja. A nan ake rubuta sunan kowace waƙa da shekararta da wanda ya rera, kuma a kaset irin wannan ba a taƙaita. A rubuta 1930, Memphis Minnie da Kansas Joe McCoy. A rubuta 1959, Ed da Lonnie Young. A layin Soul of a Man manhajoji sukan nuna sunan Johnson shi kaɗai, kuma an yi shekaru da dama masu bincike suna jingina muryar macen ga wata daban kafin a tabbatar Willie B. Harris ce. Sai mai kaset ya ƙara sunanta da hannunsa.